Sanarwar Bayan Taron Masu Gonaki Kan Alhakin da Shari'a Ke Ɗora wa Mai Gona

Ƙungiyarmu ta masu gonaki da lambuna da fadamu ta kammala babban taronta na bayan kaka. Wakilan rassa sun hallara, tare da lauyoyi da malaman fiƙihu da malaman gona, da wakilan masu sarauta da na makiyaya waɗanda muka gayyata musamman. Batu ɗaya aka sa a gaba: hanyoyin da gona ke iya kai mai ita gaban alƙali, ko da bai zalunci kowa da gangan ba. Abin da ya jawo zaɓen batun shi ne yawan koke-koken da ke zuwa ofishin ƙungiya daga mutanen da suka sayi gona da kuɗinsu, ko suka gada daga iyaye, sai kawai suka tsinci kansu ana yi musu sammaci. Ga abin da taron ya lura da shi da kuma abin da ya zartar.

Matsayin mai gona a gaban doka

Taron ya fara da tunatar da mambobi abin da yawancinmu ba ma son ji. Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa ranar 29 ga Maris 1978, ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da ke hannun manomi haƙƙin zama ne da amfani. A Arewa ma wannan ba baƙon abu ba ne, domin dokar ƙasa ta Turawan mulki ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962 duk a kan wannan turba suka tafi. Sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya kuma ɗaure dokar ta 1978, ta yadda gyara ta sai an bi matakai masu wuya irin na gyaran tsarin mulki.

A nan ne taron ya ga rashin daidaiton da ya zama jigon tattaunawar baki ɗaya. Ranar da gwamnati ke son gonar, sai a tuna wa manomi cewa ƙasa ba tasa ba ce. Sashe na 28 na dokar ta 1978 ya ba gwamna ikon soke haƙƙinsa saboda amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya taƙaita diyya ga abin da ya aza a kan ƙasar, wato gini da shuka da itatuwa da kayan ban ruwa, ban da kuɗin ƙasar kanta. Ranar da wuta ta tsallaka daga gonar, ko yaro ya faɗa rijiyar da ke cikinta, babu wanda ke neman gwamna. Mai gona ake kamawa. Saboda haka taron ya ce duk mai riƙe da gona ya san cewa alhakin da ke kansa ya fi ikon da ke hannunsa faɗi, ya kuma tsara harkarsa a kan haka.

Lauyoyi sun ja hankali ga wani haƙƙi da ƙananan hukumomi ba sa cika ambata: sashe na 6 ya ce idan aka soke haƙƙin gargajiya a kan ƙasar da ake nomawa, wajibi ne ƙaramar hukuma ta ba mai ita wata gonar a madadi. Haka nan soke haƙƙi ba ya inganta sai an miƙa wa mai shi sanarwa a rubuce. Mambobin da gonakinsu ke bakin manyan garuruwa su kula ƙwarai, domin sashe na 3 ya ba gwamna damar ayyana kowane yanki a matsayin birni, kuma daga ranar da ya yi haka, maganar filin ta bar hannun ƙaramar hukuma ta koma ofishin ƙasa na jiha, irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna.

Ciniki da takardar dagaci

Babu inda aka fi ɗaukar lokaci kamar nan. Al'adarmu ita ce a yi ciniki a gaban mai unguwa ko dagaci, a rubuta takarda, shaidu su sa hannu, a biya la'ada, a watse. Taron bai raina wannan takarda ba. Shaida ce mai ƙarfi cewa an biya kuɗi an kuma miƙa gona. Sai dai ba ita ce iznin da doka ke nufi ba. Sashe na 21 na dokar ta 1978 ya ce sayarwa ko jinginar da haƙƙin gargajiya na buƙatar amincewar ƙaramar hukuma, sashe na 22 ya ce wanda ke da takardar gwamna sai da iznin gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da tsananin wannan a 1989 a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, inda jinginar da aka yi wa banki ba da iznin gwamna ba ta rushe. Akwai ma sashe na 36, wanda ya shafi gonakin karkara da ke hannun mutane tun kafin 1978: ya hana yanka su fuloti-fuloti ko sayar da su, ya kuma tanadi tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara 1 ga duk mai hannu a takardar. An yi dariya a zauren da aka ambaci kuɗin tarar, amma lauyan da ya karanto sashen ya ce a bar kallon naira 5,000, a dubi inda aka ce takardar ba ta da wani ƙarfi a shari'a.

Wakilan masu sarauta sun nuna ɓacin ransu, suka ce su ne suka san iyakar kowace gona da tarihinta, sakatariyar ƙaramar hukuma ba ta san ko gamba ɗaya ta kan iyaka ba. Taron ya yarda da gaskiyarsu. Ya kuma yarda cewa gaskiyar ba ta hana alƙali bin abin da ke rubuce. Matsayar da aka cimma ita ce a riƙa haɗa biyun: a fara daga dagaci, a ƙare a hukuma.

Gonar gado ta fi kowace haɗari ga mai saye. Sau da yawa babban wa ne ke sayarwa kafin a raba, ƙanne mata suna gidajen aurensu ba su sani ba, wani magajin yana ci-rani a Kudu. Bayan mai saye ya haƙa rijiyar burtsatse ya dasa mangwaro, sai masu haƙƙi su bayyana. Malamai sun tunatar da cewa a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a gonar da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato ya mayar wa baƙon mai saye kuɗinsa ya karɓi kason da aka sayar. Sun kuma yi bayanin hauzi: wanda ya riƙe gona shekara 10 yana nomawa, mai iƙirarin mallaka yana gari yana gani bai ce uffan ba kuma babu abin da ya hana shi magana, to ƙararsa ta yi rauni ƙwarai. Hauzi ba ya cin gonar aro ko haya ko jingina, amma fa sai an tabbatar da cewa aron ne. Idan wanda ya ba da aron ya rasu, shaidun ma sun rasu, 'ya'yan mai aro za su rantse cewa sun buɗi ido sun ga ubansu yana noma wurin, kuma ba ƙarya suka yi ba. Yawancin gonakin da mambobinmu mazauna birni suka rasa ta wannan ƙofa suka fita, ta kunyar a ce wa ɗan'uwa ya sa hannu a takarda.

An kuma gargaɗi mambobi kan kai ƙara inda ba hurumi. Sashe na 277 na tsarin mulki ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga al'amura irin su aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. Rigimar wane ne mai gona tsakanin mai saye da mai sayarwa ba ta cikin jerin, kuma shari'o'i da dama sun rushe a sama bayan shekaru ana tafiya saboda wannan kaɗai.

Wuta, ruwa, rami da feshi

Taron ya lura cewa abin da ya fita daga gonarka ya yi ɓarna a ta maƙwabci, kai ne za ka amsa. Wutar sharar gona ce kan gaba. A lokacin hunturu, iska ɗaya ta isa ta kai wuta daga ƙunar sassabe zuwa tarin dawa ko rumbun wani. Kotu ba za ta tsaya a kan yaron da ya ƙyasta ashana ba idan kai ka sa shi aikin, domin ƙa'ida ce cewa mai gida yana ɗaukar laifin da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Baya ga biyan diyya, dokar Final Kod ta tanadi hukunci kan ɓarna da wuta, hukumar kula da muhalli ta NESREA ma tana da ƙa'idojin 2011 da suka hana ƙona daji ba da izni ba. Wanda ya bar 'yan farautar gafiya suna cinna wuta a saurarsa yana kallo, shi ma ya sa kansa a layi.

Masu noman rani da masu tafkin kifi an karanta musu wata tsohuwar ƙa'ida da ta samo asali daga shari'ar Rylands da Fletcher a Ingila a 1868, wadda Kotun Ƙolin Najeriya ta yi aiki da ita a 1975 a shari'ar Umudje da kamfanin Shell-BP. Taƙaicenta shi ne, wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa ta hanyar da ba ta saba ba, kamar ruwa mai yawa a madatsa, idan ya ɓalle ya yi ɓarna, zai biya ko da ya yi iya ƙoƙarinsa. Mutanen Kano ba su manta da fashewar madatsar Bagauda a 1988 ba, na Maiduguri kuma da ta Alau a Satumbar 2024. Waɗannan na gwamnati ne. Ƙaramar madatsar da mutum ya yi da buhunan ƙasa a kan rafi, ko ganuwar da ya ɗaga ta juyar da ruwa zuwa shinkafar na ƙasa da shi, ita ce za ta kai shi kotu shi kaɗai.

Rijiyoyi marasa murfi da ramukan da masu ɗibar yashi ko masu yin bulo suka bari sun ci rayukan yara da dabbobi a wurare da yawa. Wasu mambobi sun ce ai wanda ya shiga gonar mutum ba da izni ba shi ya jawo wa kansa. Lauyoyi suka ce wannan hujja ba ta da ƙarfi idan yaro ne, musamman in mai gona ya san yara na bi ta wurin zuwa tsinkar mangwaro ko kiwon awaki. Malamai suka ƙara da cewa a fiƙihu ana duba ko an haƙa ramin a inda ya halatta, suka kuma tuna wa zauren cewa diyyar rai raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya. Bayan jin haka babu wanda ya sake kawo maganar tsadar murfin rijiya. Game da masu jona wayar lantarki a shinge ko ɗana tarkon da ke kisa saboda ɓarayi, taron ya yi tir da wannan kai tsaye: wanda ya yi haka rai ya salwanta, tuhumar kisa zai fuskanta.

A kan magungunan feshi, malaman gona sun tunatar da cewa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015 saboda yawan sinadarin diklobos da aka samu a cikinsa, kuma hukumar NAFDAC ta sanar da haramta maganin ciyawa na farakwat. Feshin da iska ta kwasa ya ƙone tumatirin maƙwabci, da wanke tankin feshi a mashaya, da ba ɗan ƙwadago magani ba safar hannu ba takunkumi, duk ƙofofin ƙara ne.

Dabbobi, burtali da ɗaukar doka a hannu

Wannan ɓangare ya yi zafi, kuma taron ya gode wa wakilan makiyaya da suka zauna har ƙarshe. Sun kawo kokensu cewa an nome burtali da mashaya da makiyayun da aka keɓe tun dokar 1965 ta Jihar Arewa, har wasu daga cikin masu nomewar suna riƙe da takardu. Taron ya amince cewa mamban da ya sayi gona a kan burtali ya sayi rigima da kuɗinsa, kuma ƙungiya ba za ta tsaya masa ba.

An yi saɓani kan hukuncin ɓarnar dabba. Malamai sun kawo abin da ke cikin Risala da sauran littattafan Malikiyya, cewa ɓarnar dare tana kan mai dabba, tsaron rana kuma yana kan mai gona. Manoma suka ce wannan ya dace da dabbar da aka saki ba makiyayi, ba garken da mutum ke kore da sanda ya shigar da shi cikin gero da tsakar rana ba. Malaman suka ce haka ne, inda akwai makiyayi a tare da dabba kuma ya yi sakaci, shi ke da lamuni dare ko rana. An bar maganar a nan, da shawarar cewa kowane reshe ya zauna da arɗo da dagaci su rubuta ranar sakin gona da yadda za a ƙiyasta ɓarna, kafin damina, ba bayan an yi ta ba.

Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne haɗarin ramuwa. Sare saniya ko sa mata guba laifi ne mai zaman kansa, kuma kuɗin saniya ɗaya kan ninka ɓarnar da ta yi. An kawo misalin wani manomi na Jihar Adamawa da ya kashe makiyayin da ya far masa da wuƙa a gonarsa, wanda Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin kisa a watan Maris 2025, bisa hujjar cewa bayan ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu. Mambobi da yawa na ganin hukuncin ya yi tsauri, kuma taron bai hana kowa ra'ayinsa ba. Sai dai ya nuna ƙarara cewa kasancewar mutum a cikin gonarsa ba ta faɗaɗa masa haƙƙin kare kai.

Wanda ka ba gona, da wanda ka sa aiki

Mai gonar da ke zaune a birni ya ba wani haya ko noma-mu-raba, ya shekara bai leƙa ba, shi ya fi kowa zama cikin haɗari. Dokar hukumar NDLEA ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya bari aka yi amfani da wurin da ke hannunsa wajen ajiye ko sarrafa miyagun ƙwayoyi, kuma wiwi da aka shuka a tsakiyar masara ba ya ɗauke da sunan wanda ya shuka shi. Haka ma'adinai: sashe na 44 na tsarin mulki da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Mai gonar da ya karɓi kuɗi ya bar masu haƙar zinariya marasa lasisi ya shiga laifin da ƙafarsa. Wakilan Zamfara sun tuna wa taron gubar dalma ta 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara fiye da 400 ta kuma gurɓata ƙasar garuruwa irin su Bagega da Dareta.

Game da ma'aikata, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF. Manyan gonaki masu ma'aikatan dindindin su yi rajista. Masu ƙananan gonaki kuma su san cewa injin casa da ya cire wa ɗan ƙwadago yatsu, ko tarakta da ta take wani, ba a rufe maganarsu da "ƙaddara ce". Dokar ƙwadago ta hana sa yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aiki, in ba ɗan aiki mara nauyi a gonar iyalinsa ba. Masu kwasar almajirai a mota zuwa cirar gyaɗa su yi wa kansu faɗa.

Akwai batun da aka tattauna da murya ƙasa-ƙasa. Tun da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a watan Nuwamba 2021, ga kuma Dokar Yaƙi da Ta'addanci ta 2022 da ta haramta ba su kuɗi ko kayan aiki, manomin da aka tilasta wa biyan harajin noma ko na girbi ya shiga tsaka mai wuya. In ya ƙi, ransa. In ya biya, ana iya kiransa mai taimaka musu. Taron bai ba kowa fatawar biya ba, bai kuma yarda a haɗa wanda aka ɗora wa bindiga a ka da mai kai rahoto don a ba shi lada ba.

Abin da taron ya zartar

Daga wannan kaka, ƙungiya ba za ta shiga rigimar aro ko haya ko jingina ko noma-mu-raba ta kowane mamba ba sai da rubutacciyar yarjejeniya mai ɗauke da iyakoki huɗu, da wa'adi, da abin da aka yarda a shuka, da sa hannun shaidu. Sakatariya za ta buga samfurin takardar da boko da ajami ta raba wa rassa kyauta. Gonar aro a sabunta takardarta duk shekara, ko da tsakanin wa da ƙane ne.

Kada mamba ya biya kuɗin gonar gado sai ya ga takardar rabon gado daga kotu, ko dukkan magada, maza da mata, sun sa hannu. Wanda zai mallaki fiye da hekta 500 don noma ya tuna cewa ƙaramar hukuma ba ta da ikon ba shi sai da amincewar gwamna.

Kowane reshe zai zagaya gonakin mambobinsa kafin faɗuwar ruwa don ganin an rufe rijiyoyi, an cike ramuka ko an kewaye su. Ba a sa wuta sai an share kewaye, an sanar da maƙwabta, kuma mai gona ko wakilinsa yana tsaye har ta mutu.

An kafa kwamiti da zai tuntuɓi hukumar inshorar noma ta NAIC da sauran kamfanoni, domin inshorar da mambobi suka sani ta asarar amfanin gona ce, ita kuwa ɓarnar da ka yi wa wani tana buƙatar tata yarjejeniyar daban. Kwamitin zai kawo farashi a taro mai zuwa.

Taron yana kira ga gwamnatocin jihohi da su rage kuɗi da tsawon lokacin fitar da takardar mallakar gona, su kuma kai ofisoshin rajista hedikwatar ƙananan hukumomi. Dokar da bin ta ya fi ƙarfin talaka ita ke mayar da cinikin halal ɓatacce. Yana kira a sake shata burtali da makiyayu a kafa musu alamun siminti, a kuma sabunta jadawalin kuɗin diyyar amfanin gona da itatuwa ya dace da farashin kasuwa. Yana roƙon Ministan Shari'a na Tarayya da kwamishinonin shari'a na jihohin da abin ya shafa su fito da bayani a fili kan matsayin manomin da aka karɓi kuɗinsa da ƙarfin bindiga.

Ƙungiya tana godiya ga lauyoyin da suka amince su riƙa zama a ofishinta ranar Asabar ta farkon kowane wata don duba takardun mambobi ba tare da caji ba. Mai zuwa ya taho da asalin takardunsa da kwafinsu, da sunayen maƙwabtan gonarsa ta gabas da yamma, kudu da arewa.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Sakataren Ƙungiya